Gurgun da Ya Miƙe a Shafin Ƙarshe

A teburin mai shayi a Zongo, wani baƙo ya miƙa wa Barau gurgu ɗan littafi.

"Kamarad, ni na rubuta. Waƙoƙin yara ne a kan gurgu irinka. Saya wa 'ya'yanka."

"Gurgun naka yana zagi?" in ji Barau.

"Subhanallahi! Mai haƙuri ne."

"Yana zuwa zance?"

"Ƙasa yake wa aiki. A ƙarshe juyin juya hali ya miƙar da shi tsaye."

Barau ya tuntsire da dariya. "Ashe juyin nan likita ne! Ko bai san hanyar Zongo ba? Riƙe abinka, malam. 'Yata ta saba da ubanta a haka. Kada ka sa ta zauna jiran ranar da zan tashi."