Kwalbar da Ba Ta da Takarda

A rumfar mai maganin feshi, wata manomiya ta kafa waya a kunne, riƙe da ganyen masarar da tsutsa ta huda.

"Baiwar Allah, ajiye wayar nan," in ji mai rumfa. "Ga magani, ki fesa yau."

"Layin manoma ne, Malam. Sun ce in karanto musu rubutun jikin kwalbar tukuna."

"Takardar ta ɓare a hanya."

"Duka kwalaben?"

"Kafin ki gama tambaya, tsutsa ta cinye gonar."

"Gona ɗaya gare ni, ba zan zuba mata abin da ba shi da suna ba. Kai na cikin waya, ɗana, ina jin ka, faɗa min maganin gaskiyar."

Sai ga wani ya diro daga babur da ƙonanniyar masara da irin wannan kwalbar, yana tambayar waye mai rumfa.