Yaron da ke Jikin Riga

A layin karɓar magani wata uwa na zaune da ɗanta a cinya, gwiwarsa a kumbure. Wani mutum sanye da riga mai hoton yaro ya zauna kusa da ita.

"Baiwar Allah, a taimaka wa yaron nan," ya ce yana nuna ƙirjinsa. "Jininsa ba ya daskarewa, ko ƙwarzanewa ya yi sai ya yi ta zuba. Ƙungiyarmu ce ke tara masa kuɗin allura."

Uwar ta ƙura wa hoton ido. "Malam, ai ɗana ne. Ga shi nan."

"Haba dai! Namu ya fi wannan ramewa."

"Ranar da aka ɗauki hoton, kwana ya yi yana haɓo. Ina allurar?"

"Kin san taro da cin kuɗi. Mun kama zaure, mun buga riguna, mun ciyar da manyan baƙi. Shugabanmu har hawaye ya yi."

"Hawayen za a ɗura masa a jijiya?"

Mutumin ya sosa ƙeya, sannan ya zaro waya ya saita yaron.

"Kai, ɗan samari, daina murmushin nan. Kana so ka ɓata mana taron baɗi?"