Jakar Tsohon Kafinta

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji a tashar mota ne ya hana ni sakat.

Wani tsoho na tsaye da jaka, wata mata ta miƙa hannu.

"Baba, kawo in riƙe maka."

"Bar ta, 'yata, magani ce."

"Jakar?"

"Ita fa. Ni kafinta ne. Yarana suka ƙwace gudumata, wai in huta. Shekara biyu ina zaune kamar baƙo, har ta kai sai an ɗago ni daga tabarma. Likita ya ce tsoka takan zaizaye da tsufa, zama kuwa ƙara mata gudu yake, balle mai ciwon suga irina."

"Ai gata suka yi maka."

"Gatan da ya kusa ɗora ni a keken guragu! Yanzu kullum sai na taka, na ɗauki kaya, na ci wake da ƙwai. Sai na sake kafa ƙusa da hannun nan."

"Ni kam uwata ko tsintsiya ba na bari ta taɓa. Me mutane za su ce?"

"Tana iya miƙewa da kanta?"

Matar ta ce, "Bara tana iyawa."

Ta ciro waya, ta kira ƙanwarta. "Ke, mayar wa Inna tsintsiyarta. Eh, ni na ce!"

Na rungume littafina, na sulale kafin su ankara da ni.