Sunan da Inna Mahasin Ta Ƙi Faɗa

Shugaban wannan taro, Malam Badamasi; iyayenmu maza da mata da suka taso tun daga Ainu Shams da Hadayek el-Maadi; malamai, da ɗalibai tsofaffi da sababbin zuwa na wannan shekara ta 2014; jama'a baki ɗaya, salama alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu, ina kuma godiya ga ƙungiyar Hausawa mazauna Alƙahira da ta ba ni, ni Saraya 'yar Wusasa, damar tsayawa a gabanku.

Duk lokacin da na ce ina koyarwa a kwalejin Kirista, sai a ce mini, "To, wato waƙa da wa'azi kuke yi daga safe har yamma?" Da haka ne, da ɗalibaina sun fi haka ƙiba. Bari in gaya muku abubuwa uku da suke fama da su.

Na farko, nazarin Littafi Mai Tsarki. Ku da kuke kokawa da nahawu da sarfu, ku sani kuna da abokan wahala: nawa ɗaliban da Helenanci da Ibrananci suke kokawa, kuma su ma sukan yi mako guda a kan aya ɗaya.

Na biyu, tarihin ikkilisiya. Wannan kam Masar ta sauƙaƙa mana. Jirgin ƙasan da ke kawo ku daga Ainu Shams, shi ke sauke mu a Mar Girgis, unguwar tsofaffin majami'u, inda ɗalibi zai taɓa bangon da ya karanta labarinsa jiya.

Na uku, ilimin zamantakewa, kuma shi ya kawo ni yau. A wannan darasi ba a cin jarrabawa a cikin aji. Dole ɗalibi ya fita ya zauna da mutum ashirin, ya tambaye su rayuwarsu, ya rubuta. Wanda bai kawo ashirin ɗinsa ba, ba zai kammala digiri a watan Yuni ba, sai baɗi.

Ina da wata ɗaliba 'yar Sudan mai suna Bakhita. Ta zaɓi ta yi aikinta a kan iyayenmu mata Hausawan Sudan da ke Ainu Shams, tun da suna jin Larabci ɗaya. Ta kwafo tsarin tambayoyinta daga littafin aji, ta kawo mini, na sa hannu ina sauri. Ta shiga gida bakwai, ta sha shayi sau bakwai, ta dawo da takardu bakwai babu ko layi ɗaya. Ta zauna a ofishina tana hawaye, ta ce, "Malama, suna karɓata da fara'a, amma da na fara tambaya sai su sunkuyar da kai, su ƙara mini shayi. Gicciyen da ke wuyana ne. Khalas, na haƙura da bana."

Na ce, "Yalla, tashi mu je tare."

Muka je gidan Inna Mahasin, ga ta can zaune a layin gaba tana hararata. Bayan gaisuwa, Bakhita ta buɗe takarda ta karanta tambaya ta ɗaya: mene ne sunan mijinki? Ta biyu: mene ne sunan ɗanki na fari? Ta uku: 'ya'yanki nawa?

Jama'a, na ga kun fara dariya. Ni a ranar, ƙasa na so ta buɗe in shige.

Inna ta ajiye kofinta, ta ce, "Ke 'yar nan, shekara arba'in da ɗaya ina zaune da mutumin nan, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sai yau, don takardarki?" Sannan ta juyo kaina. "Ita baƙuwa ce, ma'alish, ba komai. Ke fa, Malama? A wane gari aka ce an haife ki? Uwarki tana kiran sunan yayanku?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "To, ke ce kika faɗi jarrabawar."

Bakhita ta tambaya a hankali ko gicciyenta bai dame su ba. Inna ta ce, "Gicciyenki a wuyanki yake, ina ruwana? Tambaye ni yadda kakana ya bar Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noman damina ɗaya a Sudan, damina ɗaya ta zama mu." Awa uku tana magana. Alƙalamin Bakhita ya ƙare, na ba ta nawa.

Ɗalibai, ku riƙe wannan, ko shari'a kuke karantawa ko likitanci. In kun yi tambaya aka yi shiru, kada ku yi saurin cewa an ƙi ku. Ku fara duba tambayar. In kun zaci addini ne ya rufe ƙofa, ku sake dubawa, wataƙila kunya ce ke tsaye a bakinta. Ku gwada da kanku: cikin makon nan ku zauna da dattijo ɗaya, ku tambaye shi yadda ya zo garin nan, ku kame bakinku ku saurara.

Yanzu ga roƙona. Mun goge tambayoyin nan uku. Inna ta kai Bakhita gidaje goma da ƙafarta, yau tana da sha ɗaya, saura tara, kuma ranar Alhamis za ta miƙa aikin. Tana can bayan ɗakin nan da farin mayafi, da sabon alƙalami, kuma yau ita ta kawo shayin. Iyayena mata, tara nake nema kafin a watse. Malam Badamasi, ka bar Hajiyarka ta je. Na yi maka alkawari sunanka ba zai fito ba.

Allah ya ba ɗalibanmu nasara, na Azhar da na kwalejinmu. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya zaunar da Masar lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na ga Inna ta riga ta miƙe tana jan hannun maƙwabciyarta. Saura takwas.

Na gode.