Mun Jira Ranar Suna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Yagana daga unguwar Bulumkutu a Maiduguri.

Ƙanwata Falmata ta haihu a ƙauyenmu, can nesa inda ko ɗakin shan magani babu, na je taya ta zaman jego. Kwana huɗu da haihuwa yaron ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi rau, maɗigarsa ta kumbura. Na ce mu kawo shi Maiduguri. Kakarmu ta ce, "Yagana, a gidan nan ba a fita da jariri kafin suna. Kwana uku ne fa, ki yi haƙuri." Na yi shiru. Wallahi shirun nan ne yake cin raina har yau.

Ranar suna aka raɗa masa Modu, muka nemi mota muka kawo shi asibiti a Maiduguri. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, ta shiga jininsa har ta kai ƙwaƙwalwa. Ya ce mun makara. Washegari Allah Ya karɓi abinsa.

Jiya aka aiko mini cewa wasu jarirai biyu a ƙauyen sun fara irin wannan zazzaɓin, su ma ana jiran suna. Na buga waya, na roƙa, na yi faɗa, aka ce zaman birni ya lalata ni.

Malam, da wane baki zan yi musu magana su ji? Sunan da muka tsaya jira, a katin asibiti kaɗai ya yi amfani.