Ranar da Aka Karɓi 'Yan Lyon

A jirgin ƙasan Paris zuwa Lyon, shekarar 1986, Malam Abdourahamane yana zaune. Zai je ne ya raba ɗansa Moutari da ƙwallo, kafin ta cinye masa karatu. A kujerar gabansa, wasu ɗalibai biyu da ba su san juna ba, ɗaya mai gemu ɗaya siriri, masu zuwa wasan gobe a Lyon, suka kama gardama.

"Ɗan'uwa, da makarantu huɗu muka kafa gasar ƙwallon nan ta ɗalibai, duka a Paris," in ji mai gemun. "Muka ƙara Lille, lafiya lau. Muna buɗe muku ƙofa, ku 'yan Lyon, sai fitina."

"Fitinar ci uku da muka zura muku?" in ji siririn.

"Bar zancen ci. Dokarku nake faɗi, wai ba mai shiga fili sai ya nuna takardar cin jarrabawa. Bara da mutum takwas muka yi wasa."

"Ai ranar da kuka karɓe mu muka kawo ta, kuka ɗaga hannu."

"Sai da kuka cika mana ciki da dambu aka yi ƙuri'ar. Wa ma ya ƙirƙiro dokar?"

"Kapiten ɗinmu, Moutari, ɗan Damagaram. Tsoron babansa yake. Ya ce in tsohon ya ga jan alƙalami a takardarsa, har cikin raga zai biyo shi."

Malam Abdourahamane ya yi gyaran murya, ya gyara hula.

"Samari, ƙarfe nawa ne wasan gobe? Ana barin tsofaffi su zauna kusa da raga?"