Hoton Ƙasan Kunne

A bencin ɗakin hoto na asibiti, wani direba ya lura da tsohuwar telar da ke gefensa, ta rungume ambulan kamar takardar digiri.

"Inna, hala jika aka gani a hoton?"

"Wane jika, ɗana? Nawa ne, na ƙasan kunne, inda yawu ke fitowa. Shekara uku bakina a bushe ƙamas. Ni da nake lasar zare in zura a allura, na wayi gari ba yawun lasa! 'Ya'yana suka ce raki ne, in sha ruwa."

"To, me aka gani?"

"Likita ta ɗora na'ura, sai ga wurin duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ta ce da alama garkuwar jikina ce ke cinsa, saura gwajin jini. Har ta ce na fi kowa lura da jikina! A bango zan kafa hoton nan, kowa ya gani."

Direban ya yi jim. "Matata ma ba ta rabuwa da gorar ruwa."

"Kai kuma ka ce mata me?"

Ya sunkuyar da kai, yana laluben wayarsa.